Minti Goma na Shiru

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ɗalibanki masu rufe ido? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Tunda kin ce waya tana wargaza miki tunani, a riƙa rubuto miki da hannu don mutum ya natsu kafin ya yi magana, to ga shi na samo biro. Na natsu. Ga maganar.

Shekara biyu da wata uku ke nan tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, na ajiye koyarwata na dawo gidan nan. Wannan kin sani. Yadda yini yake tafiya ne ba ki sani ba. Sau shida nake ɗaga mutumin da ya fi ni nauyi. Kullum sai na wanke zanin gado, hannuwana duk sun tsattsage. Maganarsa ba ta fita, sai likita ta ce a ba shi abin kira. Ni da hannuna na ɗaura masa cokali da zare a hannun da yake motsi, don ya riƙa buga ƙarfen gado. Ni na ja wa kaina. Yana son ruwa, cokali. Ƙuda ya sauka, cokali. Jiya na ƙirga, sau arba'in da ɗaya. Akwai wanda na taho a guje da kumfa har gwiwar hannu, ashe kyanwa ce a kan taga yake so in gani.

Allah ya sani ina son Baba. Amma shekaranjiya na daka masa tsawa, ya bi ni da ido kawai. Na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Sati biyu nake roƙo, Auta. Ki zo ki riƙe shi sati biyu, in je wani wuri in yi barci. Tela maƙwabciyarmu tana leƙo mu, amma ita ma ɗinki ya yi mata yawa.

Ki huta lafiya.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Baba? Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, a zaune, ban yi gaggawar amsawa ba. Na ji gajiyarki har cikin raina.

Zuwa a yanzu zai yi mini wuya. Mun fara sabon aji na sati takwas, ma'aikatan ofis ne su goma sha huɗu, wasunsu ko barci ba sa iya yi. Idan na tafi babu mai riƙe su. Da zarar an kammala zan duba.

Amma zan ba ki abin da ya fi sati biyu amfani, don sati biyu suna ƙarewa. Minti goma ne kacal a kullum. Ki samu kujera, ki ajiye tafin ƙafafunki a ƙasa, ki saita agogo. Ki lura da iska tana shiga hancinki da sanyi, tana fita da ɗumi. Tunani zai zo, kada ki kore shi, kada kuma ki bi shi. Idan kin ji motsi, ki ce a ranki "ƙara", sai ki dawo kan numfashinki. Haka idan kina wanke-wanke, ki kasance a wurin wanke-wanken, ki ji ruwan a fatarki.

Yaya, ba cokalin nan ne yake wahalar da ke ba, zaburar da kike yi ce. Ƙara dai ƙara ce, tana zuwa tana wucewa. Babu abin da zai samu Baba a cikin minti goma.

Ki sumbaci goshinsa a madadina. Na bar ki cikin aminci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki

*

Auta,

Sallama. Baba yana nan yadda yake, ya sha sumbar da kika aiko.

Da na karanta takardarki saura kaɗan in goge masa baki da ita. Na nemi hutu, an aiko mini da numfashi, sai ka ce da can ba na yi. Amma wanda ya rasa abin yi komai gwadawa yake. Bayan na ba shi karin kumallo, sai na zauna a kicin a kan kujerar roba, na saita agogo.

Ranar farko Tela ta shigo ta same ni ido a rufe, ta saki salati ta nufi famfo za ta yayyafa mini ruwa. Na ce mata magani ne Auta ta aiko. Ta ce, "Ikon Allah! Ita kuma yaushe za ta aiko kanta?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne abin yana aiki. Ashe haƙorana a datse suke yini. Ashe firij ɗinmu yana da wani gurnani da ban taɓa ji ba. Na sha shayi na ji ɗanɗanonsa, rabona da haka har na manta. Baba yana buga cokalinsa, in ce "ƙara", in ci gaba da zamana. Idan agogo ya kaɗa in je, in tarar filo ne ya zame. Yau kwana tara ban ɗaga masa murya ba. To na gode, kin ji na faɗa.

Sai dai minti goma ba barci ba ne. Bayana yana nan yana ciwo, yanzu ma na fi sanin daidai inda yake yi. Saura sati biyar ajinku ya ƙare. Ki rubuto mini rana, ba "zan duba" ba.

Yayarki

*

Auta,

Sallama. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan benci, ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Litinin Baba ya faɗo daga gado, ƙugunsa ya karye. Na sauke ƙarfen gefen gadon don in canza zani, na manta ban mayar ba, na tafi kicin na yi zaman minti goma. Da na dawo na same shi a ƙasa. Ni da Tela da mijinta muka ciccibe shi zuwa mota.

An yi masa aiki jiya. Likita ta ce ya sha da ƙyar, kuma ko zaman keken marasa lafiya da yake yi da yamma sai a hankali, in ma zai koma.

Na ɗauki waya zan kira ki, sai na tuna kin ce sai in abu ya zama na gaggawa. Na tsaya ina lissafi ko wannan ya kai. Kafin in gama lissafin an shiga da shi ɗakin tiyata.

Yayarki

*

Yayata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya jikin nasa? Haba Yaya, wannan ai kira ya kamata ki yi, ko ina tsakiyar aji ne.

Don Allah kada ki ɗora wa kanki laifi. Mantuwa ce, kuma ba ki san ya faɗi ba. Idan zargin kai ya taso miki, ki kalle shi kamar sauran tunani, ki bar shi ya wuce. Jiya na ba ɗalibaina labarinki, ban faɗi ko wace ce ba. Na nuna musu yadda mai jinya take bukatar ta tausaya wa kanta. Mutum biyu sai da suka yi hawaye.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Lokacin ciwon Mama kina wurin jarrabawarki, ni ce a ɗakin. Ina da shekara goma sha tara, hannunta yana cikin nawa har ya yi sanyi, ban san ta tafi ba, ina ta ba ta labari. Tun daga ranar, in na ji warin ɗakin mara lafiya ƙirjina toshewa yake. Na yi shekara uku ina faɗuwa a wurin aiki. Wannan zaman da kuke yi wa dariya ke da Tela, shi ya tsayar da ni da ƙafafuna. Ba aji ne kaɗai ya hana ni zuwa ba. Tsoro nake ji, Yaya.

Ina aiki a kan kaina. Ki ba ni lokaci in shirya.

Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ƙanwarki

*

Auta,

Sallama. An sallame mu, muna gida kwana shida ke nan.

Maganar Mama ta taɓa ni. Ban sani ba, kuma da kin faɗa tun tuni da na rungume ki. Allah ya ji ƙanta. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ga tawa, sai ki ƙara a darasin ɗalibanki.

Kin ce ban san ya faɗi ba. Na sani.

Ke kika gyara mini kunne. Sati uku ina zama ina sauraro, har na iya bambance ɗigar famfon kicin da ta banɗaki. Ranar nan na ji wani abu mai nauyi ya bugi ƙasa. Na ce "ƙara". Sai shiru. Sai cokali ya fara, amma ba a kan ƙarfe ba, a kan siminti. Ƙarar ba ɗaya ba ce, ta siminti a dakushe take. Tun bugu na farko na gane. Na buɗe ido na kalli agogo, saura minti huɗu. Na mayar da idona na rufe.

Kin ce in kalli tunani kada in kore shi. Na kalla kuwa, ƙuru-ƙuru. Tunanin cewa yake, minti goman nan su kaɗai na mallaka a duniya, ba zan ba shi huɗu daga ciki ba. Akwai wani a bayansa wanda ya fi shi muni, ba zan rubuta shi ba, ke ma kin san shi. Iska tana shiga da sanyi tana fita da ɗumi, ubana yana ƙasa yana buga siminti. Ban taɓa natsuwa kamar wannan lokacin ba.

Ban ce laifin numfashinki ba ne. Bai ƙara mini komai ba, nuna mini ya yi abin da shekara biyu suka mayar da ni. Kuma Baba ya sani, don ƙofar kicin a buɗe take, daga ƙasa yana hango ƙafafuna a ajiye yadda kika ce a ajiye su. Yanzu in na zo ɗaura masa cokali sai ya dunƙule hannu. Ba ya kira. Ya gwammace ya jiƙe a kwance da ya kira ni. In na shiga sai ya juya fuska bango.

Kin ce tsoro kike ji. Ni kina tsammani da waƙa nake shiga ɗakin? Ba wanda ya ba ni lokaci in shirya, waya aka yi mini na haɗa jaka. Ke kuwa kin ɗauki faɗuwar ubanki kin kai aji, har an yi hawaye. Madalla. Su waɗancan sha huɗun, akwai wanda ya taɓa goya ki zuwa makaranta a cikinsu?

Yanzu ba don bayana nake cewa ki zo ba. Ban yarda da kaina a kansa ba. Ajinku ya ƙare ranar Juma'ar da ta wuce, na ƙirga.

Yayarki

*

Yaya,

Na karanta. Na yi kuka sosai, na kasa zama ko na minti ɗaya.

Ke ba muguwa ba ce, gajiya ce. Ina son zuwa, wallahi ina so. Jiya har tasha na je, na tsaya a bakin mota, ƙirjina ya toshe, na dawo. Ki ƙara mini wata ɗaya. Zan nemi wadda za ta raka ni.

Ki yafe mini.

Auta

*

Auta,

Sallama. Na yafe miki. Wata ɗaya ne dai ba ni da shi.

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe zan bar gidan nan, sai bayan sati biyu. Ban gaya wa kowa inda zan je ba. Tela ta yarda za ta zauna da shi har la'asar ɗin Juma'a, daga nan tana da tafiya. Makulli yana hannunta. Jerin magungunansa na manna a jikin firij. Ana juya shi duk bayan awa biyu, ta gefen dama ake fara ɗagawa. Wasiƙar nan za ta same ki ranar Talata, kina da kwana uku.

Ɗazu na gaya wa Baba Autarsa tana zuwa ranar Juma'a. Ya juyo daga bango, ya yi murmushi da rabin bakin da yake motsi, ya nuna a aske masa gemu. Na aske masa.

Ban gaya masa cewa ba ki amsa za ki zo ba.

Yayarki