Cima a Kan Tsanin Rumbu

Madawa, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Nasiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Yaya mutanen Deule?

Kin ce tun rasuwar Baba har yau Inna ba ta magana sai an tambaye ta. Wallahi abin nan yana cina. Matar da in ta fara tatsuniya tuwo ke hucewa ba mu sani ba!

Ga wasu takardu na ba Alƙasim direba ya kawo miki. Kar ki yi mini dariya, labari ne nake rubutawa in na taso daga koyarwa a lekol. Wani gari ne a kan dutse, da rani ya kama sai ya ɗaga sama ya bi hadari, da gidajensa da awakinsa. A cikinsa akwai Takawa, makiyayin gizagizai, da matarsa Cima, da wani raƙumi mai magana. Na karanta wa 'yan ajina sun yi ta tafi, amma waɗannan ko sunayensu na kira za su tafa.

Abin da nake son sani shi ne, a ina mai saurare ke cewa ƙarya ce? Wurin tashin garin, ko wurin raƙumin da ke ba sarki shawara? Ki karanta wa Inna, ki lura da fuskarta. Ko tsaki ta yi, ki rubuto mini, zan yi murna da shi.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Sufyanu

Madawa, ranar Laraba

Nasiba ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, na yi ta maimaita shi har ɗalibai suka ɗauka wani abu ya faru.

Ashe garin ya tashi sama, Inna ko gezau. Raƙumi ya yi magana, ba ta ce uffan ba. Sai da kika zo inda Cima ta jingina tsani ta hau rumbu ta fiddo damin gero, sannan ta riƙe hannunki, ta tambaya yaushe Takawa ya rasu, kuma wa ke tare da matar nan.

Ikon Allah! Ni fa ban kashe Takawa ba. Ya kora gizagizai wajen garin Keita ne kawai. Gero nake so Cima ta ba raƙumin, shi ya sa na ɗora ta kan tsani. Na yi ta fama da yadda gari zai tashi ba tare da rijiyoyinsa sun zube ba, na manta a gidanmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta yana raye. Kin tuna Baba ke hawa, ya miƙo dami, Inna na ƙasa tana tsokanarsa wai ya zaɓo mafi ƙanƙanta?

To wa ke hawa rumbun Baba yanzu? Kin ce Inna da kanta, ta hana kowa.

Na ɗauki bik ɗina na rubutu zan gyara, in maido Takawa gida ya hau rumbunsa. Sai na fasa. Wannan ce tambayar farko da Inna ta yi don kanta, ba zan goge ta ba. Tunda ta ce ya rasu, to ya rasu.

Sai dai na tsaya cak. Ban san abin da mace ke gani ba ranar da ta fara buɗe rumbun mijinta. Tana ƙirga damman ne? Tana jin ƙamshinsa? Ta yi kuka a can sama, ko sai da ta sauko? Gizagizai zan iya ƙagawa, wannan kam ya fi ƙarfina.

Ki gaya wa Inna na bar Cima tsaye a kan tsani, rana na dukanta, kuma ba mai sauko da ita sai ita. Ina nan tafe ran Juma'a da bik da takarda. Zan zauna a bakin tabarmarta har ta gaya mini.

Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana Inna.

Naki har kullum,
Sufyanu