Ranar da Ka Sa wa Kwastoman Gwaji

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa maka zaman nesa da gida. Mu nan alhamdu lillahi. Kawu Dogo ya sake sayo wata tsohuwar mota, kullum ƙafafunsa kawai muke gani a ƙarƙashinta. Umma jiki da sauƙi, sai dai idon nan. Likita ya ce ganin raguwa yake yi, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yanzu sai mun matso kusa take gane fuskarmu.

Har yau a teburinka nake zama a ofis, kan kujerar nan mai karkata hagu da ka ƙi bari a canja. Ka tuna injin da ka kafa, wanda ke haɗa manhajarmu ya gwada ta da kansa duk lokacin da wani ya tura sabon aiki? To makon jiya muka wayi gari allon ya yi ja tun daga sama har ƙasa, alamar gwaji ya faɗi. Oga ya ɗora laifin kan abokin aikinmu Mai Gilashi, don shi ya tura aiki na ƙarshe. Muka janye aikinsa, ja. Na share tarkacen da injin ya tara, na kashe na kunna, ja. Bawan Allah har ya fara rantsuwa ba a tambaye shi ba, ga masu jiran sabuwar manhaja sun hana wayar Oga sakat.

Da na gaji da kame-kame, sai na yi abin da kake yawan yi min faɗa a kai: na zauna na karanta bayanan da injin ya zubo, layi bayan layi, ban tsallake ba. Ashe duk gwajin da ya faɗi ta hannun kwastoma ɗaya yake shiga, na ƙarya, wanda ka ƙirƙira don gwaji, kuma manhaja tana korarsa wai rajistarsa ta ƙare. Na buɗe inda ka rubuta shi. Yaya, ranar ƙarewar da ka sa masa ita ce ranar dawowar da ka yanka wa Umma lokacin da ka tsaya a falo da jaka a kafaɗa. A gefe har ka bar ɗan rubutu cewa za ka gyara idan ka iso. Na daɗe ina kallon allon nan. Kewarka ta kama ni, sai da na tashi na wanke fuska.

Oga ya yi dariya, ya ce in tura ranar can gaba inda ko jikokinmu ba za su riske ta ba, a huta. A aikace gaskiyarsa ne, amma ka san ni da taurin kai. Kaɗan na matsar da ita, allo ya koma kore, Mai Gilashi ya sami bakin magana. Da na ba Umma labari, ta yi murmushi ta ce ashe har inji ya riƙe ranar, ita ta ɗauka ita kaɗai ce ta share ɗakinka ta shimfiɗa sabon zanen gado. Wallahi ban san ta yi ba.

Ban manta da kwantiragin da aka ƙara maka ba, kuma na san ba don daɗi kake zaune ba. Amma ba na son in sake rubuta ranar da na ƙaga da kaina. Ka aiko min da ta gaskiya in sa a wurin, kuma don Allah ta zama kusa, tun Umma tana iya ganin fuskarka.

Goggo tana gaishe ka, haka Kawu Dogo da Auta. Ka gaida abokin ɗakinka. Umma ta ce in gaya maka kada ka damu, ko ba ta gani za ta gane takunka daga ƙofar gida. Saƙonta ke nan na isar, amma ni so nake ta gan ka.

Ƙanwarka,
Sarkin Gardama