Fatalwar Japan da Sunan Ubana

Daren Alhamis, Rajab 1404, unguwar Jurf

Ɗana Sale ya kunna wa yara bidiyon Japanawa. Wai mayaƙi mai takobi ya mutu, ya dawo fatalwa yana shaƙe jikokinsa don sun manta shi. Ƙarya tsagwaronta! Amma jikokina har sunansa sun haddace.

Na kashe talabijin na ce, "Ubana da ya tako daga Katsina zuwa nan ƙasa mai tsarki a ƙafa, yaya sunansa?"

Babbarsu ta ce, "Ma adri, ya sidi." Ko "ban sani ba" ɗin ma da Larabci! Sale kuwa dariya yake.

Namu matattun ba sa tasowa su shaƙe kowa. Ubana yana maƙabartar Baƙi'a, kabarinsa ba alama. In na mutu, sunan ya bi ni.

Gobe ba mai taɓa abinci sai ya ce Tanko Majemi.