Sharhin da Ka Yi a Kaina

Jajaye, Rogo.

Zuwa ga Yayan Na'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu ma muna nan ƙalau, an gama cirar gyaɗa, sai godiyar Allah.

Ranar Juma'a muna gidan suna wajen maƙwabciyarmu Sa'adiya, tsakar gida cike da mata, ƙanwarka ta kunna mana sharhin da kake yi wa shirye-shiryen talabijin, tana ɗokin a ga yayanta. Kana magana a kan shirin nan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ka ce ƙauyanci ne, ka ce marubucin ya yi wa mugunta kwalliya. Sannan ka gaya wa duniya kai shaida ne, tunda aka haife ka ba ka taɓa jin sunanka a bakin uwarka ba. Babu wadda ta ɗago ta dube ni. Da dariya suka yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban yi jami'a ba, amma na gama sakandare a Karaye, kuma ko a aji an koya mana ba a yanke wa labari hukunci sai an kai ƙarshensa. Kashi biyu kacal ka kalla, da bakinka ka faɗa. Ni na sa aka nemo mini sauran. Can gaba yaron ya kwanta ciwo a ɗakin kakarsa, uwar ta wuni a bayan danga tana sauraron tarinsa, kunya ta hana ta shiga. Da gani, 'yar wasan nan ta tambayi iyaye mata kafin ta yi wannan tsayuwar. Kai wa ka tambaya? Goggo da ta raine ka tana nan da ranta a Ruwan Bago. Je ka ta ba ka labarin inda na wuni shekarar da ka yi ƙyanda.

Mai sharhi na ƙwarai shirin yake dubawa. Ba ya kwance wa gidansu zani a kasuwa don masu kallo su ƙaru.

Na'ima ta isar da saƙonka, wai in faɗi sunan sau ɗaya a waya, sai ka goge bidiyon. Bar shi, an riga an gani. Kunyar ɗan fari ba kayan ciniki ba ce. Idan sai da wannan za ka yarda ina ƙaunarka, to zauna da shakkarka.

Ka gaida matarka da yara. Allah Ya shirya.

Saude.