Harufa Biyar a Bakin Malam

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Mun dawo da maigidana Malam gida Gaya daga asibiti. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Likita ya ce magana tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Sannu da wannan bayani.

Alhamis, 11 ga Yuli
Ya yi magana. Ina ba shi koko ya dube ni ya ce, "Bread." Sai ya ƙwanƙwasa katakon gado sau biyu da hannun hagu. "Dream." Ya sake ƙwanƙwasawa. "Heart."

Shekara talatin yana koyar da Turanci a firamare da dabara guda. Kowane mako kalma goma, kowace harufanta biyar, duk sun yi tarayya a wasu harufan. Ya faɗi kalma, ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu, aji ya amsa da ma'anarta da Hausa. Littafi guda ya cika da su. Duk Lahadi a kunnena yake bitarsu, har na haddace ba da son raina ba. Wai cikin duk abin da ke kan mutumin nan wannan ne ya tsira. Ba sunana ba, ba na Rumaisa 'yarsa ɗaya tilo ba. Ba Fatiha ba.

Lahadi, 14 ga Yuli
Yaya Uthman, wan Malam, ya zo daga Toranke. Ya zauna daidai kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, sau ba adadi. Malam ya yi ta kokawa da bakinsa har ya jiƙe da gumi. Abin da ya fito: "Light."

Yaya ya miƙe. Daga zaure na jiyo shi: "Gidan allo muka tashi. A ce ɗan Malam Muhammad Bashir zai cika da Turanci a baki?" Ya ce a ɗauke littafin, kada wanda ya kula shi in ya fara. Ya bar rubutun sha.

Ban musa ba. Tsoron da yake ji shi nake ji, nawa ma ya fi. Na tura littafin ƙasan akwati. In ya tafi a haka fa?

Juma'a, 19 ga Yuli
Yana ƙwanƙwasawa, ina juya masa baya.

Laraba, 24 ga Yuli
Yau na yi masa tsawa. "Malam, ka ji tsoron Allah, ka ce la'ilaha illallahu!" Mutumin da ko ƙuda ba ya iya korewa. Hawaye ya zubo ta ido ɗaya, ɗayan yana nan a bushe. Ni Batula ce da wannan aiki. Na tsani kaina.

Asabar, 27 ga Yuli
Kwana uku bai ce uffan ba. Da hantsi ina shara sai na ji can ƙasa-ƙasa, "Night." Ƙwanƙwasa biyu. Bakina ya kuɓuce, na ce, "Dare."

Ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. "Fight." Na ce faɗa. "Right." Na ce daidai. Muka yi goman cif, tsintsiya na hannuna. Ashe duk kwanakin nan amsa yake jira, ajinsa ya yi masa shiru.

Talata, 6 ga Agusta
Na fito da littafin, na juya abin. Ni ke faɗi, ni ke ƙwanƙwasawa. Na ce, "Clean." Har na fid da rai, sai ya ce, "Tsab... ta." Hausarsa ta farko cikin wata guda. Rumaisa ta fita tsakar gida tana kuka, wai hayaƙi ne.

Zuwa dare yana da bakwai: tsabta, burodi, mafarki, zuciya, wake, alkama, hawaye. Da na ga haka na ce la'ilaha, na ƙwanƙwasa. Kallo kawai. Rumaisa ta ce a rubuta ta cikin littafin ko zai ɗauka. Mun rubuta. Ina.

Litinin, 12 ga Agusta
Yaya ya same mu muna yi. Ya ce, "Batula, taya shi ɓata kike?" Na ce, "Yaya, ta nan kaɗai yake iya fitowa, ba zan toshe ba." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai yau. Ya tafi ba sallama.

Ƙirjin Malam na ƙara. Koko ma sai ya shaƙe shi.

Alhamis, 15 ga Agusta
Malam ya rasu da hantsi. An kai shi bayan azahar.

Lahadi, 18 ga Agusta
Sadakar uku. Yaya ya tsaya bakin ƙofar ɗakin da nake takaba, mata cike. Ya ce, "Ke kaɗai ke wurin. Ya yi?" Hansai ƙanwata ta mintsine ni. Kowa so yake in ce e, a huta.

Na ce, "Bai yi ba, Yaya. Ni na yi, yana kallona, hannunsa cikin nawa."

Da ya ce Allah Ya gafarta masa, muryarsa ta karye. Ƙaninsa ne, na sani.

Abin da ban faɗa musu ba: kafin nan ya ce, "Leave." Yatsansa ya motsa cikin tafina, sau biyu. Lokaci na ƙurewa ina gani, amma sai da na ce masa "bari" tukuna na fara shahadar.

Kwana uku ina jiran tsoron nan ya zo ya danne ni. Shiru. Wanda Ya ɗaure harshen Ya san abin da ke bayansa. Ba zan faɗa wa kowa ba, amma da za a mayar da ni safiyar nan, amsa masa zan sake yi.