Tabon Dunduniyar Baba

Talata da dare, 4 ga Maris, Tanout

Mun dawo daga Damagaram. Baƙin tabon nan na dunduniyar Baba, wanda aka yi wa sakiya sau biyu muna cewa ƙaya ce ta karye a ciki, ashe sankarar fata ce. Likita ya ce furotin ɗin da ke hana ƙwayoyin fata yawaita ne ya lalace, shi ya sa suke ta yaɗuwa har kaluluwa ta fito.

A mota Baba ya ce, "Hadiza, ke da kike koyar da wannan a lakwal, ba ya gyaruwa ne?"

Na san sunan furotin ɗin, na sha rubuta shi a allo. Na ce, "Allah zai kawo sauƙi, Baba."

Ni ce na riƙe masa ƙafa a duka ranakun sakiyar.