Yankan Burodi Zai Raba Ni da Mahaifiyata

Anti mai filin shawara, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin abin da nake gudu ranar Asabar mai zuwa zai faru. Mahaifiyata za ta bar gidana. In aka tambaye ni dalili ma kunyar faɗa nake ji, don wallahi yankan burodi ne ya jawo.

Ni mai gyaran firji ne, da safe nake fita sai magariba nake shigowa. Ina da mata da yara biyu. Babban namiji ne, yana aji biyar na firamare, a gida Likita muke ce masa, saboda tun yana ɗan mitsitsi in ka yi tari sai ya tsare ka da tambayar me ka ci. Ƙaramar kuwa ba ta shiga makaranta ba tukuna. Mahaifiyata, Inna muke kiranta, tana tare da mu tun rasuwar babanmu. A bayanta Likita ya girma. Ita Maigida take ce masa, shi kuma kullum sai ya ce ya sake ta don ta tsufa, ta ce ai ba inda za ta sai ya biya ta wahalar goyo. In ya dawo daga makaranta ko takalmi ba ya cirewa, ɗakinta yake faɗawa. Ta ɓare masa lemo, ta cire masa 'ya'yan, ta riƙa sa masa a baki tana yi masa tsiya wai miji ne da bai taɓa kawo cefane ba. Ni kaina wani lokacin sai in ji kamar in yi kishi, don ban tuna ta taɓa lallaɓa ni haka ba.

To, a zangon nan malamarsu ta kimiyya ta koya musu darasin ƙwayoyin cuta, ta ba su aikin gida. Ta ce kowa ya samu yankan burodi uku: ɗaya ya taɓa da hannun da bai wanke ba, ɗaya ya taɓa bayan ya wanke da sabulu, ɗaya kada ya taɓa sam. A sa kowanne a leda a ɗaure, a ajiye a ga wanda zai fara funfuna. Shi kuwa Likita ba ya yin abu yadda aka ce, sai ya ƙara nasa gishirin. Wai shi hannun kowa na gidan zai gwada. Ni ya tare ni a bakin ƙofa na fito wanka zan fita, na ɗan dafa na wuce. Uwarsa ta taɓa da yatsa ɗaya tana sauri. Inna kuwa a bayan ɗakinta ya same ta wajen tukwanen shukokinta, ta yi ta dariya, ta danna masa da hannu bibbiyu har da juyawa, ta ce tunda maigida ne ya nema ai sai a yi masa da kyau. Ya rubuta sunan kowa a jikin leda ya jera a kan taga.

Bayan 'yan kwanaki nawa ya yi ɗigo-ɗigo, na uwarsa ma haka, amma na Inna ya rufe ruf, kore da baƙi, kamar gashi ya tsiro masa. Ya kwashe su ya kai makaranta. Malama ta ɗaga ledojin a gaban aji tana karanta sunan da ke jiki, da ta zo kan na Inna yara suka fashe da dariya. An ce ta gaya masa bai bi ƙa'idar da ta bayar ba, amma wa ya ji wannan? Yaran layinmu uku ne a ajin. Kafin yamma labari ya zaga, har yaran da ke taruwa a ƙofar Inna karɓar alawa suka daina zuwa. Ita ba ta san me ake ciki ba sai da wata maƙwabciya mai dogon baki ta shigo ta faɗa mata cikin raha, wai ashe hannunta ne ya zo na ɗaya a makaranta.

Tun daga nan Likita ya daina karɓar lemon. In ta miƙo sai ya tambaye ta ko ta wanke hannu da sabulu. Ran nan tana ba ƙanwarsa shayi ya zo da gudu ya fizge kofin, har shayin ya zube a jikin Inna. Ki sani bara yarinyar nan ta kwanta asibiti da amai da gudawa, har aka yi mata ƙarin ruwa, kuma yana wurin ya gani. Amma ni a lokacin raina ya gama ɓaci, ban tuna da wannan ba. Na kama shi na ce sai ya sha lemo daga hannun kakarsa ko in karya shi. Ya sha yana kuka yana cewa ba shi ya faɗa ba, burodi ne ya nuna. Yana gamawa ya ruga bakin famfo ya yi ta kurkure baki, Inna tana kallonsa ta taga.

Anti, da ta yi faɗa ko ta zage mu da ya fi mini sauƙi. Ta daina ce masa Maigida, sunansa na yanka take kira kamar malamin makaranta. Ta daina cin abinci tare da mu, a ɗaki take ci ita kaɗai da cokali, matar da duk rayuwarta take cewa cokali yana rage wa abinci daɗi. Ta ware kwanonta da kofinta. Ta sa aka sayo mata sabulunta daban, kuma yini take tana wanke hannu, yanzu fatar ta tsage, tsakanin yatsunta har jini yake yi. In ƙaramar ta miƙo hannu a ɗauke ta, sai Inna ta cusa hannuwanta cikin mayafi ta ce je ki wajen uwarki. Na ga wannan da idona na fita waje na yi hawaye, ni da gemuna.

Yayata ta ji labari ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce ina zaune yaron da aka haifa jiya ya kira uwarmu ƙazama, ta ce bulala ce ba ya sha, ta ce ranar Asabar za ta zo da mota ta ɗauke ta. Inna ba ta ce a'a ba. Ta fara ninke kayanta, shukokin ma ta rabar da rabinsu.

Na rasa inda zan sa kaina. In ce wa yaro malamarsa ƙarya take yi? Ni ban yi nisa a karatu ba, burina shi ya yi, kuma na san wanke hannu gaskiya ne. Wani sa'in sai in ji kamar in je makarantar in yi musu tijara. Matata kuma ta ce a sake yin gwajin, mu musanya burodin Inna a ɓoye da wanda ba a taɓa ba, ya fito fes, kowa ya huta. Shi ma Likitan ba daɗi yake ji ba, ya rage cin abinci, sai ya je ya tsaya a bakin ƙofarta ya kasa shiga. Ni ma ɗin daga bakin ƙofa nake gaishe ta in wuce, don ba na iya haɗa ido da ita. Me zan yi kafin Asabar?

Baban Likita

AMSA

Baban Likita, na tsallake wasiƙu da dama na ɗauko taka saboda Asabar ɗin nan. Ka kwantar da hankalinka, abin bai lalace ba, amma yana bukatar ka motsa yau.

Da farko ka cire wa ranka cewa ɗanka mara kunya ne. Yaron nan tsoro yake ji. Ya ga ƙanwarsa a gadon asibiti, sannan aka gaya masa daga hannu cuta take shiga ciki, sannan ya ga leda ta yi baƙi da sunan kakarsa a jiki. Ya haɗa ukun ya yanke hukunci irin na ɗan aji biyar. Bulala ba ta fitar da tsoro, ai ka riga ka gwada barazana ka ga inda ta kai ku. Ita ma Inna ba shagwaɓa take yi ba. Da hannun nan ta raine ka, da shi ta raini ɗanka, shi ne abin da take da shi na bayarwa, kuma shi aka ɗaga a gaban yara aka yi wa dariya. Duk wanda aka yi wa haka sai ya ji ciwo.

Yanzu batun burodin. Bai auna tsabtar kowa ba. Irin funfuna ƙanana ne da ido ba ya gani, suna cikin iska, suna cikin ƙasa, suna jikin hannun kowa, ni da kai da malamar, kuma sun fi saurin tsirowa inda akwai laima. Sake karanta wasiƙarka. Kai ka fito wanka ka ɗan dafa, matarka ta sa yatsa ɗaya, Inna kuwa daga cikin ƙasa da ruwan shuka ta danna da hannu biyu. Ko hannun wa aka ɗauko daga cikin tukwanen nan haka burodin zai yi. Gwaji na gaskiya abu ɗaya ake canzawa a bar sauran daidai, shi ya sa malama ta ce hannu ɗaya, kafin wankewa da bayan wankewa. Likita ya canza mutum, ya canza lokaci, ya canza yadda aka taɓa. Kuskurensa a aikin kimiyyar yake, don haka da kimiyyar za ka gyara masa, ba sai ka ƙaryata malamarsa ba.

Shawarar matarka ta musanya burodi, na san tausayi ne ya kawo ta, amma kada ku yi. Yaro mai bin diddigi irin wannan zai gano, kuma ranar da ya gano zai tabbatar a ransa cewa akwai abin da kuke ɓoyewa game da hannun kakarsa. Ban da haka, kada a sake kai wa Inna burodi ta taɓa, ko da wasa. Ba ta gaban alƙali da za a ce ta wanke kanta. Likita ya sake gwajin da hannunsa shi kaɗai: in ya dawo daga ƙwallo ya taɓa ɗaya, ya wanke da sabulu ya goge ya taɓa na biyu, na uku a bar shi haka. Idan ya ga abin da nasa hannun ya shuka, ba sai ka yi dogon bayani ba. In an gama a zubar da ledojin a ɗaure, kada a buɗe.

Ka kuma zaunar da shi ka gaya masa ciwon ƙanwarsa ba laifin kowa ba ne a gidan, kuma ka ji daɗi da yake son kare ta. Ba shi aiki: kafin a ci abinci shi zai kawo ruwa da sabulu, ya fara da kansa, sannan kai, sannan kowa. In dokar ta hau kan kowa, ba wanda aka nuna da yatsa.

Makaranta ka je, amma ka bar tijarar a gida. Malama ta yi kuskure da ta karanta sunan mutum a gaban aji, kuma ina kyautata zaton ba ta san inda abin ya kai ba. Gaya mata. Roƙe ta ta bayyana wa yaran dalilin da ya sa gwajin bai yi daidai ba, in da hali ta nuna musu burodin da ita kanta ta taɓa. Yaran da suka kai labarin layinku su ne za su kai gyaran.

Yayarka kuwa kira ta ka ba ta haƙuri, kada ka yi musu da ita, uwarta aka taɓa. In Inna ta dage sai ta je, to ta je a matsayin ziyara, da ranar dawowa, kayanta suna ɗakinta. Hannun da ya tsage kuma a shafa masa mai, a rage sabulun, in jinin bai tsaya ba a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Amma duk wannan ba shi ne babba ba. Ka ce daga bakin ƙofa kake gaishe ta ka wuce. Kai kunya ce ta hana ka shiga, ita kuwa ba ta san haka ba. Abin da take gani shi ne jikanta ya guje ta, yaran layi sun guje ta, ɗan da ta haifa ma ya tsaya daga nesa. Ina jin wannan ne ya sa ta ninke kaya, ba maganar yaro ba. Sabon burodin zai ɗauki kwanaki kafin ya nuna komai, motar yayarka kuwa ba za ta jira shi ba. Yau in ka dawo, ɗauki kwanonka ka shiga ɗakinta ka zauna a ƙasa. Ka ba ta haƙuri da bakinka, ka ture cokalin gefe, ka ce ba za ka ci ba sai ta sa hannu kun ci tare. Ko ta ƙi, kada ka tashi, uwa ba ta daɗewa tana kallon ɗanta da yunwa. Ka bar ƙofar a buɗe, kuma kada ka kira Likita. Bar shi ya gani daga inda ya saba tsayawa, ya shigo da ƙafarsa.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya ba hannunta lafiya, ya yi wa Likita albarka a karatunsa, ya bar ku tare.